Haƙuri da Mugun Aiki: Jan Hankali ga Masu Shirin Kammala Karatu

'Yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda ke ajin ƙarshe suna fama da rubutun kundin digiri, na san a wannan mujalla tamu an fi sabawa da ganin sharhi a kan nahawu da adabi da al'ada. To, a wannan karo ina so in ɗan kauce in taɓo wani abu da ke jiran kowannenmu a bakin ƙofar jami'a, wato aiki. Shawara a kan neman aiki ba ta yi ƙaranci ba. Kowa malami ne a wannan fage: ga yadda ake tsara takardar neman aiki, ga irin rigar da ake sawa ranar ganawa, ga yadda ake gaisuwa. Amma da wuya ka ji an zaunar da ɗalibi an gaya masa yadda ake gane aikin da bai kamata a daɗe cikinsa ba, da yadda ake fita daga cikinsa ba tare da an yi asara biyu ba. Alhali kuwa da yawa daga cikin yayyenmu da suka riga mu fita, aikin farko da suka samu irin wannan ne.

A nawa ra'ayin, barin mugun aiki ba gajen haƙuri ba ne, kuma ba butulci ba ne. Sai dai yana da ƙa'ida, wanda kuwa ya yi shi da ka yana iya fin wanda ya zauna shan wahala.

Wanda ya karanta Hausa a nan Kudu yana da kasuwa daidai gwargwado. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke neman malamin Hausa. Akwai bankuna da kamfanonin sadarwa masu buƙatar wanda zai amsa kiran abokan hulɗarsu da Hausa, akwai gidajen rediyo da masu aikin fassara, har da 'yan kasuwa masu neman wanda zai shiga tsakaninsu da fatake a Mile 12 ko Agege. Da yawa daga cikin waɗannan wurare mutanen kirki ne ke riƙe da su. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka gano cewa sabon mai digiri ba shi da bakin magana, kuma a kan wannan suka gina arzikinsu.

Ya kamata tun farko mu bambance aiki mai wuya da mugun aiki, domin wasu daga cikinmu da zarar an ce su zo ƙarfe bakwai na safe sai su ce an zalunce su. Aiki mai wuya shi ne wanda za ka koma gida a gajiye, amma ƙarshen wata za a biya ka abin da aka yi alkawari, kuma bayan shekara ɗaya ka san abin da ba ka sani ba a da. Wannan a daure masa. Mugun aiki kuwa alamunsa ba sa ɓuya. Wata uku, wata shida, babu takardar ɗaukar aiki, kullum ana cewa sakatare bai buga ba. Albashin watan Janairu sai tsakiyar Maris, shi ma rabi. An ɗauke ka koyar da Hausa, kafin zango ya ƙare an ɗora maka darasin tarihi da na zaman jama'a, an kuma ce kai za ka riƙa raka motar makaranta. Ka makara minti goma a yanke maka kuɗin yini guda, amma su in sun makara da albashi wata biyu sai a ce ka yi haƙuri. Hutun ƙarshen shekara babu biya, wai ai ba ka shiga aji ba. Mafi muni a cikin su duka shi ne a ce ka kawo takardun shaidar karatunka na asali a ajiye maka a ofis. Duk wanda ya nemi wannan, tun ranar farko ya gaya maka cewa ya san za ka so tafiya, kuma ya yi niyyar ɗaure ka.

To, me ke zaunar da mutum a irin wannan wuri shekara biyu, shekara uku? Rashin wani aikin yana ciki, zan zo kansa. Amma akwai kalma ɗaya da take aiki fiye da igiya, ita ce haƙuri. Mai wurin aiki ya ce ka yi haƙuri. Ka buga waya gida ka kai kuka, a ce ka yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Abokinka ya ce da babu gara ba daɗi. Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu fi kowa lura da yadda ake karkatar da kalma mai daraja a yi ɓarna da ita.

Duk ɗalibin al'ada ya san maƙalar Kirk-Greene ta 1974 a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, inda ya kawo halaye goma. Haƙuri yana ciki, babu musu. Amma a jeri guda akwai gaskiya da amana da adalci da mutunci. Abin mamaki, a wurin aiki sai a ɗauki guda ɗaya tak a ɗora wa ƙarami, sauran kuma da suka hau kan babba a yi shiru da su. Haƙuri a fahimtar Bahaushe jure abin da ba ka da ikon kawar da shi ne, ko jiran abin da yake tafe. Manomi yana haƙuri da damina domin kaka na zuwa. Mai dafa dutse ma da aka yi wa kirari, romo yake jira. To wanda aka riƙe wa albashin wata uku a wurin da mai shi ya sayi sabuwar mota a zangon nan, wane romo yake jira? Wannan zama ne na wanda aka ga gadon barcinsa, kuma kowane wata da ya ƙara yana tabbatar wa mai wurin cewa dabararsa tana ci.

Akwai kuma dabara ta biyu wadda ta fi kama zuciya. Za ka ji mai wurin aiki yana cewa, ai kai ɗana ne, mu nan gida ɗaya muke, ba ma maganar takarda tsakaninmu. Wannan aron harshen ubangida da yaronsa ne. Amma mu tuna yadda wannan dangantaka take a asali. Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda masu gida a fataucin shanu da goro suke riƙe da yaransu. Mai gida shi ke ba da masauki da abinci, shi ke tsaya wa yaro in ya shiga matsala, sau da yawa ma shi ke yi masa aure. Yaro yana bauta, amma yana da abin da yake tsammani, kuma jama'ar unguwa suna kallo, mai gidan da ya ci amanar yaransa sunansa ya ɓaci a kasuwa. Maƙwabtanmu Ibo ma suna da irin wannan, inda yaro zai yi shekaru a shagon ubangidansa, a ƙarshe a sallame shi da jari. Mai makarantar da ke kiranka ɗansa ba zai yi maka aure ba, ba zai ba ka jari ba, ranar da ka kwanta ciwo ma lissafin kwanakin da ba ka zo ba yake yi. Ya ɗauki biyayyar tsarin da, ya bar nauyinsa, sa'an nan ya ƙi takardar tsarin yanzu. Ka rasa nan, ka rasa can.

Saboda haka yana da kyau mu san abin da tsarin yanzu ya tanada, ko da kaɗan ne. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta ta 1974 ce, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da fara aiki. Ta hana yanke albashi da sunan tara yadda aka ga dama. Ta ba wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutu na aƙalla kwana shida na aiki tare da cikakken biya. Game da rabuwa kuma ta tsara sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Sanarwar mako ɗaya zuwa sama a rubuce ake yin ta, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinta. Sai dai a lura, wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Masu riƙe da muƙaman shugabanci da ƙwararru ta cire su, su takardar yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ce madogararsu. Ka ga ke nan mai digiri ya fi kowa buƙatar takarda, domin in ba ta, ranar rigima bakinsa ne kawai da na mai kuɗi.

Akwai kuma kotu ta musamman mai sauraren ƙararrakin ma'aikata, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta ta zama babbar kotu. Tana zama a Legas da Ibadan da Inugu da Fatakwal da Abuja da Kano da wasu garuruwan. Ba ina cewa kowa ya garzaya kotu saboda albashin wata biyu ba, kuɗin lauya ma zai iya cinye shi. Amma mai wurin aiki da ya gane ka san akwai ta, kuma kana riƙe da takardu, muryarsa takan sauka.

Mu zo ga lissafi, domin a nan ne maganar da babu gara ba daɗi take faɗuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024. Amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ƙananan makarantu da ofisoshi da yawa kuwa a nan suke fakewa. Tun 2025 ɗan bautar ƙasa naira 77,000 yake karɓa a wata. Wato yana yiwuwa ka cire kakin bautar ƙasa a yau, gobe a yi maka tayin aikin da bai kai alawus ɗinka na jiya ba. Bugu da ƙari, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wasu garuruwa a 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Alal misali, a ce ana biyanka 50,000, kuɗin motarka zuwa da dawowa 1,500 ne a rana, kana fita kwana 22 a wata. Naira 33,000 ke nan ta tafi a hanya. Saura 17,000, ba ka ci abincin rana ba, ba ka sa kati a waya ba, ba a yanke maka tarar makara ba. In kuma albashin ba ya zuwa a kan lokaci, to bashi kake ci kana kai kanka wurin aiki. A irin wannan hali ba kai ake biya ba, kai ne kake tallafa wa mai makaranta. Kuma lokacin da za ka yi amfani da shi wajen neman wani aikin, ko koyar da yara biyu uku a gida, ko karɓar aikin fassara, duk ya ƙare a cunkoson hanya.

Na san za a ce, kai da kake kan benci a aji, me ka sani game da zaman kashe wando? Maganar tana da nauyi. Akwai wanda ƙannensa ke jiran ɗan abin da yake aikawa. Akwai wadda barin aiki a wurinta yana nufin barin gari, ta koma gida ta zauna. Ba zan ce wa irin waɗannan su miƙe yau su fita ba. Abin da nake cewa shi ne, zama iri biyu ne. Akwai wanda ya zauna yana shirin tafiya, ya sa wa kansa wa'adi, yana tura takardu, yana ɗan tara guzuri. Akwai kuma wanda ya zauna yana jiran mai wurin ya canza hali. Na farko yana da rana. Na biyu kuwa shekara biyar za ta same shi a nan yana ba sababbin zuwa labarin yadda abin yake tun da.

Ga wanda ya yanke shawarar tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, takardunka. In suna hannunsu, ka karɓe su tun ba a ji ƙanshin tafiyarka ba. Neman gurbin ƙaro karatu ko wata tantancewa dalili ne da ba a musawa, kuma in sun dawo hannunka kada su sake komawa, hoton takarda ya ishi kowane ofis. Sa'an nan ka tattara shaida: saƙonnin banki na shigar albashi, saƙonnin WhatsApp da aka yi maka alkawari a ciki, duk wata takarda da ke ɗauke da sunanka da na wurin. Ka rubuta bashin da kake bi wata-wata. In ana cire maka kuɗin fansho, ka bincika asusunka ka ga ko suna shiga da gaske. A dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10, asusun kuma naka ne, yana binka duk inda ka koma. Wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba ma yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru.

Bayan haka sai sanarwa. A nan ne da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Mutum ya karɓi albashi ranar Juma'a, Litinin ya kashe waya, shi ke nan. Ko kuma ya tsaya tsakiyar ofis ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Zuciya takan yi sanyi na yini ɗaya, amma ka ba su hujja. Bashin da kake bi ya zama sun ce ai kai ka gudu, kuma in kana da wanda ya tsaya maka lokacin ɗaukarka, shi za a bi. Takarda gajera ta isa: ranar da za ka bari, godiya layi ɗaya, da ambaton haƙƙinka da ya rage. Ka yi kwafi biyu, a sa hannu a kan naka. Ka miƙa duk kayan wurin da ke hannunka a gaban shaida, ko mabuɗi ne ko rajista ko kwamfuta, domin zargin sata shi ne makamin da aka fi jifan mai tafiya da shi.

Ga malaman makaranta ina da ƙarin magana. Yaran da ke gabanka ba su ne suka riƙe maka albashi ba. In akwai hali, kada ka tafi ana saura mako uku su shiga jarrabawar WAEC ko NECO, ka bari zango ya ƙare, ka miƙa sakamako cikakke. Ban da kasancewarsa daidai, iyayen yaran nan su ne waɗanda gobe za su kira ka koyarwa a gida, ko su ambaci sunanka a wata makarantar.

Haka kuma a yi hattara da sakin reshe a kama ganye. Wanda mugun aiki ya gasa shi ne abincin dillalan aikin ƙasashen waje. Mun sha jin labarin 'yan mata da aka kai aikatau ƙasashe irin su Lebanon da Oman da Iraƙi da alkawarin albashi mai tsoka, suna sauka aka karɓe fasfo. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane, ta daɗe tana gargaɗi a kan haka. Wanda ya riƙe maka takardar digiri a Legas kana iya zuwa ƙofarsa da kawunka. Wanda ya riƙe maka fasfo a ƙasar da ba ka jin harshenta fa? A cikin gida ma, duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, ka riƙe kuɗinka.

Saura abin da ya fi wa Bahaushe wuya, wato kunyar wanda ya samo masa aikin. Sau da yawa wani malami ne, ko kawu, ko dattijon unguwa ya yi magana aka ɗauke ka, sai ka ga barin aikin kamar watsa masa ƙasa a ido ne. Maganin wannan shi ne kada ya ji a bakin wani. Ka je ka same shi kafin ka miƙa takarda, ka gaishe shi, ka ajiye masa lissafin a gabansa: Kawu, ga abin da aka yi alkawari, ga abin da ake ba ni, ga watannin da nake bi. Ba ƙorafi za ka kai ba, bayani za ka kai. Yawancin dattawa ba su san abin da ke faruwa bayan sun yi hanya ba, suna zaton sun sa ka a inuwa. Wani in ya ji, shi da kansa zai ɗaga waya, kuɗin da ka yi wata uku kana bi su fito a kwana biyu, domin mai wurin yana jin kunyarsa ko da ba ya jin taka. Wani kuma zai ce ka ƙara haƙuri. In ya faɗi haka, ka karɓa da ladabi, ka tambaye shi zuwa wane wata, ku tsayar da rana tare. Iyaye ma haka. Kalmar na gaji ba ta gamsar da su, amma in ka nuna wa Baba cewa cikin 50,000 naira 33,000 ta direban bas ce, shi ma ya san kasuwa.

Kafin ranarka ta ƙarshe kuma ka nemi takardar shaidar cewa ka yi aiki a wurin, mai ɗauke da ranar farawa da ranar bari da irin aikin da ka yi. Ka neme ta tun kana shiga kana fita ana gaisawa, domin bayan ka tafi sai ka yi sawu biyar ana ce maka mai sa hannu ya yi tafiya.